Nauru: tsibirin da ya sayar da ƙasarsa tan bayan tan

Mutum zai iya zagaye ƙasar Nauru a mota cikin rabin sa'a ba tare da ya matsa totur ba. Titin da ya kewaye ta bai kai kilomita 20 ba, faɗinta gaba ɗaya murabba'in kilomita 21 ne, mutanenta kuwa wajen 12,000. Tana tsakiyar Tekun Fasifik, ƙasa kaɗan da layin ikwaita, kuma maƙwabcinta mafi kusa, tsibirin Banaba na ƙasar Kiribati, yana nesa da ita da kusan kilomita 300. Ba ta da babban birni a hukumance, ofisoshin gwamnati da majalisa suna gundumar Yaren, daura da filin jirgin sama. Ba ta da soja, ba ta da kuɗin kanta, da dalar Ostareliya ake ciniki. Amma wannan ɗan ɗigo a taswira ya taɓa shiga sahun gaba a duniya wajen arziki idan aka raba kuɗin ƙasa a kan kowane mutum, sannan cikin shekara talatin ya wayi gari ba ya iya biyan albashi.

Siffar tsibirin ita ce mabuɗin labarin. Ka ɗauka faranti ne aka kifa. Bakin farantin shi ne siririn zirin gaɓar teku mai faɗin mita 150 zuwa 300, inda kusan kowa yake zaune, inda kwakwa take fitowa. Daga nan sai ƙasa ta ɗaga zuwa wani tudu mai shimfiɗa da ya mamaye tsakiya, wanda ƙololuwarsa ke wajen mita 70 daga saman teku. A kan wannan tudu ne aka sami fosfat, sinadarin da ake yin takin zamani da shi, irin wanda manomanmu ke kira supa. Bayanin da ya fi yawo shi ne kashin tsuntsayen teku ne ya taru shekaru dubbai ya haɗu da dutsen murjani ya sandare, ko da yake akwai masana ƙasa da ke ganin daga halittun teku ya samo asali lokacin da tsibirin yake ƙarƙashin ruwa. Ko ma wane ne, fosfat ɗin Nauru yana cikin mafi kyau da aka taɓa haƙa.

Kafin zuwan Turawa mutanen tsibirin zuri'a goma sha biyu ne, kuma ta wajen uwa ake ƙirga dangantaka. Shi ya sa tauraron da ke tutarsu yake da tsini 12. Kwakwa suke ci da kifi, kuma suna da wata dabara ta kamo 'ya'yan kifi daga teku su saba musu da ruwan da ba gishiri, su yi kiwonsu a tafkin Buada da ke cikin tsibirin. Wani matuƙin jirgin ruwa Bature, John Fearn, ya bi ta wajen a 1798. Bayansa masu farautar manyan kifaye suka fara yada zango, da su kuma bindiga da barasa suka shigo. A 1878 rikici ya ɓarke tsakanin zuri'o'in, aka shekara goma ana kashe juna, har yawan jama'a ya sauko daga kusan 1,400 zuwa wajen 900. Jamus ce ta kawo ƙarshen abin a 1888 da ta mamaye tsibirin, ta tsare sarakuna har sai da aka miƙa bindigogi sama da 700.

Yadda aka kwashe tudun

A ofishin wani kamfanin Birtaniya da ke Sidni akwai wani dutse da aka ɗauko daga Nauru ana tokare ƙofa da shi. Wani ma'aikacin kamfanin, Albert Ellis, ya gutsuri dutsen ya gwada, ya ga fosfat ne tsantsa. A 1900 ya je ya tabbatar da idonsa. Kamfanin ya shirya da Jamusawa, aka fara haƙa a 1906, jirgin farko ya tashi da kaya a 1907. Abin da ake ba mai ƙasa a lokacin sisin kwabo ne a kan kowane tan.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, Ostareliya ta ƙwace tsibirin a 1914. A 1919 ƙasashe uku suka zauna suka raba fosfat ɗin a takarda: Birtaniya kashi 42 cikin ɗari, Ostareliya 42, Niyu Zilan 16. Suka kafa hukumar haɗin gwiwa da aka fi sani da BPC ta riƙe haƙar. A nan ne babbar cutar take, kuma a ɓoye take cikin lissafi. Hukumar ba don riba aka kafa ta ba, aikinta ta sayar wa manoman ƙasashen uku da fosfat a kan kuɗin da aka kashe wajen haƙo shi, ƙasa sosai da farashin kasuwar duniya. Ke nan ribar ba ta bayyana a littafin kowa balle a ce a raba da 'yan Nauru. Tana can cikin gonakin alkama na Ostareliya, waɗanda ƙasarsu ba ta da fosfat, da makiyayun tumaki na Niyu Zilan, inda bayan yaƙi na biyu har da jirgin sama ake watsa takin.

Aikin kansa ga yadda yake. A fara sare itatuwa, a kankare ƙasar sama. Fosfat ɗin yana cushe ne a tsakanin ginshiƙan dutsen murjani, kamar yadda ƙasa ke cika tsakanin haƙoran mataji. Da farko da diga da shebur da kwando leburori suke yi, akasarinsu 'yan Sin da mutanen tsibiran da yanzu ake kira Kiribati da Tuvalu, daga baya aka kawo injina masu damƙa. A loda a ƙaramin jirgin ƙasa zuwa masana'anta, a farfasa, a busar a cikin manyan tandu masu juyawa, domin jiƙaƙƙen fosfat nauyin banza ne a jirgi kuma yana dunƙulewa. Tsibirin ba shi da tashar jiragen ruwa ta halitta: murjani ya kewaye shi, daga bakin murjanin kuma sai zurfi mai tsanani da anka ba ta iya kamawa. Don haka aka ɗaure manyan tulunan ƙarfe a teku inda jirgi zai maƙale, aka gina dogon hannun ƙarfe mai bel a 1930 da ke miƙawa ta saman murjani yana zuba kaya kai tsaye cikin jirgi. Idan iskar yamma ta taso, lodi ya tsaya, jirage su yi ta shawagi a teku suna jira. Abin da ake bari a baya shi ne dajin ginshiƙan dutse masu kaifi, wasu tsayinsu ya kai mita 15, ba a noma, ba a gini, ko tafiya a ƙafa da wuya. Yau wajen kashi 80 cikin ɗari na tsibirin haka yake.

Sau biyu al'ummar ta kusa ƙarewa. Annobar mura ta 1920 ta kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar. Aka sa buri cewa sai yawansu ya kai 1,500 kafin a ce sun tsira, kuma ranar 26 ga Oktoba 1932 aka haifi jaririyar da ta cika adadin. Wannan rana ita ce Angam, har gobe hutu ne a ƙasar. Sai Japan ta mamaye tsibirin a Agustan 1942, ta kwashe mutum 1,200 zuwa tsibiran Truk aikin tilas. Su 737 ne kawai suka dawo, ranar 31 ga Janairu 1946. A cikin waɗanda suka dawo akwai wani matashin malamin makaranta, Hammer DeRoburt.

Shi ne daga baya ya zama babban sarki ya ja ragamar neman 'yanci. A farkon shekarun 1960 Ostareliya, da ta ga abin da haƙa ke yi wa ƙasar, ta yi tayin kwashe kowa da kowa zuwa tsibirin Curtis da ke gaɓar jihar Kwinslan, a ba su shaidar zama 'yan Ostareliya. Suka ƙi a 1964, domin tayin bai haɗa da ikon mulkin kansu ba. Maimakon haka suka ɗauko ƙwararrun masana tattalin arziki suka ƙirga musu abin da ake cutarsu, suka matsa aka ƙara kuɗin ƙasa, a 1967 suka sayi kadarorin BPC a kan dalar Ostareliya miliyan 21, suka biya cikin shekara uku. An ba su 'yanci ranar 31 ga Janairu 1968, ranar da suka zaɓa da gangan don tunawa da dawowa daga Truk. Zuwa nan kam a yaba musu, ƙananan ƙasashe kaɗan ne suka yi ciniki mai kyau haka da masu mulkinsu.

Majalisa mai kujera 19

Tsarin mulkin da suka ɗauka gauraye ne. Majalisa ɗaya ce, wa'adinta shekara uku, kujerunta 19 tun 2013, a da 18 ne. Mazaɓu takwas: Ubenide na da kujera huɗu, Meneng uku, sauran shida biyu-biyu. 'Yan majalisa ne ke zaɓen shugaban ƙasa daga cikinsu, shi kuma ya ɗauki ministoci daga cikinsu. Babu jam'iyyu masu ƙarfi, dangi da surukuta da coci su ne jam'iyya. Jefa ƙuri'a dole ne.

Yadda ake ƙirga ƙuri'a abin tsayawa ne a duba, don kusan babu inda ake yin irinsa. Mai zaɓe yana jera dukkan 'yan takarar mazaɓarsa, daga na ɗaya har na ƙarshe. Wanda ya sa na ɗaya ya sami maki ɗaya, na biyu rabi, na uku sulusi, na huɗu rubu'i, haka har ƙasa. A tara, masu maki mafi yawa su ɗauki kujerun. A ƙaddara masu zaɓe 300 ne, 'yan takara shida. Ɗan takara na farko mutum 100 sun sa shi a sama, sauran 200 sun jefa shi ƙarshe: makinsa 100 da kusan 33, wato 133. Wani kuma babu wanda ya sa shi na ɗaya, amma kowa ya sa shi na biyu: makinsa 150, ya wuce na farkon. Tsarin yana fifita mutumin da ba shi da maƙiyi, kuma yana koya wa 'yan takara dabarar tsayar da 'yan rakiya, waɗanda aikinsu kawai su cike gurbin tsakiya a takardar magoya baya don a tura abokin hamayya na gaske can ƙasa. A mazaɓar da tazarar nasara ba ta wuce 'yan maki ba, gida ɗaya mai yawan jama'a yana iya yanke hukunci.

Matsalar da ta fi wannan ita ce sauƙin kayar da gwamnati. Rabin 'yan majalisa sun isa su kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, shugaba da ministocinsa su sauka. Idan kwana bakwai suka wuce ba a zaɓi sabo ba, majalisar kanta ta rushe. Mutum ɗaya ya sauya sheƙa, gwamnati ta faɗi, kuma farashin sauya sheƙa kujerar minista ce. Tsakanin 1989 da 2003 an sauya gwamnati sau 17. Bernard Dowiyogo shi kaɗai sau bakwai yana hawa. A Nuwamban 2011 an yi shugabanni uku cikin mako guda: Marcus Stephen, Freddie Pitcher, Sprent Dabwido. A 2010 kuwa, lokacin kujeru 18, aka yi kunnen doki tara da tara, kuma tunda kakakin majalisa ba ya jefa ƙuri'a sai an yi canjaras, duk ɓangaren da ya ba da kakaki ya zama marar rinjaye. Kowa ya noƙe. Aka yi zaɓe biyu a shekarar, aka yi watanni ana mulki da dokar ta-ɓaci. Wannan ne ya sa aka ƙara kujera ɗaya. A farkon shekarar an kai wa jama'a tayin su riƙa zaɓen shugaba kai tsaye a ƙuri'ar raba gardama, suka yi watsi da shi.

Daga 2013, zamanin shugaba Baron Waqa, gwamnati ta daina faɗuwa kamar da, amma da tsada. A 2014 aka kori alƙalin majistare ɗan Ostareliya daga ƙasar, aka soke bizar alƙalin alƙalai yana waje, aka dakatar da 'yan adawa biyar daga majalisa, aka ɗaga kuɗin bizar ɗan jarida daga dala 200 zuwa 8,000, ba a mayarwa ko an hana ka. An toshe Facebook daga 2015 zuwa 2018. A 2018 aka yanke hanyar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Ostareliya. Shugaban yanzu, David Adeang, wanda ya hau a Oktoban 2023, shi ne ministan shari'a da kuɗi a waɗannan shekarun.

Ina kuɗin suka tafi

Bayan 'yanci ba a rage haƙa ba, ƙara ta aka yi, har wajen tan miliyan biyu a shekara a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da farashin fosfat ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Kowa ya san ranar ƙarewa na zuwa, kuma an yi tanadi a takarda. Kuɗin suna rabuwa gida-gida: kaso ga gwamnati, kaso a hannu ga masu filayen da ake haƙa, kaso cikin asusun amana da aka ce na jikoki ne. Asusun ya kai wajen dalar Ostareliya biliyan 1.3 a 1991. Zuwa 2002 abin da ya rage bai kai miliyan 140 ba.

An fi son ba da labarin almubazzarancin da ke ba da dariya, kamar miliyoyin da aka zuba a wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe a Landan a 1993, wanda aka rufe cikin 'yan makonni. Amma wannan ɗigo ne. Rami na gaske guda uku ne. Na farko kamfanin jiragen sama na ƙasa, wanda a ganiyarsa yake da Boeing bakwai, yana zirga-zirga zuwa Japan da Hong Kong da tsibiran Fasifik sau da yawa kujeru wayam, gwamnati na cike giɓin kowace shekara. Na biyu kasafin kuɗi: babu haraji, makaranta da asibiti kyauta, mai ciwo mai tsanani a kai shi Ostareliya, kusan duk mai aiki ma'aikacin gwamnati ne ko na kamfanin fosfat, aikin ƙarfi kuma baƙi ke yi. Da kuɗin fosfat suka fara ja da baya a shekarun 1990, ba wata gwamnati mai rinjayen ƙuri'a ɗaya da za ta iya cewa a tsuke bakin aljihu. Sai aka shiga rami na uku, wato jinginar da kadarorin asusun a ci bashi a biya albashi. Asusun ya sayi gidaje da otal-otal a Melbon da Sidni da Hawai da Gwam da Fiji, ciki har da bene mai hawa 52 da aka kammala a Melbon a 1977. Wasu kadarorin na kirki ne, wasu an saya an bar su ba a gina komai ba, masu ba da shawara na waje kuma sun sha romonsu. Aka tattara basussukan wuri ɗaya a hannun wani kamfanin kuɗi na Amurka, sama da dala miliyan 200, aka kasa biya, a 2004 aka sayar da kadarorin Ostareliya har da benen. A Disamban 2005 masu bin bashi suka kama jirgi ɗaya tilo da ya rage. Bankin ƙasa ya durƙushe da ajiyar mutane a ciki, aka kusa shekara goma babu banki ko ɗaya a Nauru, albashi a ambulan, ajiya a ƙarƙashin katifa, sai a 2015 wani bankin Ostareliya ya buɗe reshe.

Abin lura a nan, mutumin da ba a taɓa karɓar haraji a hannunsa ba bai cika tambayar lissafi ba, kuma asusun yana hannun mutanen da su ne ke buƙatar kuɗin don su ci gaba da zama a kujera. Ba a fara karɓar harajin albashi a Nauru ba sai 2014.

Jiki ma ya biya nasa kason. Ƙasar noma ta tafi, kuɗi sun zo, abinci ya koma shinkafa da sukari da naman gwangwani da lemon kwalba daga jirgi. Binciken da aka yi a 1975 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na manya suna da ciwon sukari, kuma har yanzu ƙasar na sahun gaba a duniya wajen ƙiba da wannan ciwo. Ruwan sha daga tankin ruwan sama yake zuwa da injinan tace ruwan teku, waɗanda ke cin wutar da ake samarwa da man dizal na shigowa. Shekarar fari, idan inji ya lalace, tankar ruwa ta fi komai daraja.

Akwai wuri ɗaya da Nauru ta yi nasara a wannan zamani. A 1989 ta kai Ostareliya Kotun Duniya a kan filayen da aka lalata kafin 'yanci. Kotun ta yanke a 1992 cewa tana da hurumin sauraron ƙarar, Ostareliya ba ta jira hukunci ba ta nemi sulhu a 1993: dala miliyan 107, wato miliyan 57 a dunƙule, da miliyan biyu da rabi kowace shekara har shekara ashirin. Birtaniya da Niyu Zilan suka ba Ostareliya miliyan 12 kowaccensu.

Sayar da suna

Da ƙasar haƙa ta ƙare, abin da ya rage wa Nauru na sayarwa shi ne kasancewarta ƙasa: hatiminta, fasfonta, ƙuri'arta a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta shiga a 1999. A shekarun 1990 dala 25,000 ta isa mutum ya yi rajistar banki a Nauru ba tare da ya taka tsibirin ba. Bankuna wajen 400 suka kasance a takarda, adireshinsu ɗaya. Babban bankin Rasha ya ce a 1998 kaɗai kusan dalar Amurka biliyan 70 sun bi ta cikinsu. Nauru kuɗin rajista kawai ta samu, sai baƙin suna. Hukumar da ke yaƙi da halasta kuɗin haram ta duniya ta sa ta a baƙin littafi a 2000, Amurka ta rufe mata ƙofar bankunanta, dole ta soke lasisin duka kafin a cire ta a 2005. A diflomasiyya kuma ta yi ta kai-komo: tana tare da Taiwan daga 1980, ta koma Sin a 2002, ta dawo Taiwan a 2005, ta sake komawa Sin a Janairun 2024. A 2009 ta amince da Abkhaziya da Osetiya ta Kudu, yankunan da suka ɓalle daga Jojiya da goyon bayan Rasha.

Cinikin da ya fi kowanne kawo kuɗi ya faro ne a Agustan 2001, lokacin da jirgin dakon kaya na Norwe mai suna Tampa ya ceto mutum sama da 430, akasarinsu 'yan Afganistan, Ostareliya ta hana su sauka. Gwamnatin firaministan Ostareliya John Howard ta nemi inda za ta ajiye su, Nauru da ba ta da ko na man janareta ta karɓa. Aka rufe sansanin a 2008, aka sake buɗewa a 2012, a 2014 mutanen da ke tsare sun haura 1,200, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na yawan 'yan ƙasa. Kuɗin na shigowa ta ƙofofi da dama: kuɗin biza da ake biya kowane wata a kan kowane mutum, hayar fili ga masu ƙasa, harajin albashin ma'aikatan sansani, kujerun jirgin sama, ayyukan gadi da girki. A wasu shekarun wannan ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin shigar gwamnati. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da likitoci sun sha bayyana halin da tsararrun suke ciki, musamman yara da suka daina ci da magana, kuma a 2018 gwamnati ta sallami ƙungiyar likitocin MSF daga tsibirin. Ta fuskar tattalin arziki kuwa, wannan arziki ne da ke rataye a kan siyasar wata ƙasa: zaɓe ɗaya a Kanbera, babban birnin Ostareliya, na iya rufe famfon, kamar yadda ya faru a 2008. A Disamban 2024 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da Ostareliya za ta ba da dala miliyan 100 na tallafin kasafi cikin shekara biyar da miliyan 40 na 'yan sanda, ita kuma Nauru ba za ta ƙulla wata hulɗar tsaro da kowa ba sai da yardarta. A Agustan 2025 aka ƙara wata: dala miliyan 408 a farko da wajen miliyan 70 duk shekara, don Nauru ta karɓi baƙin da Ostareliya ta soke bizarsu amma ba ta iya mayar da su ƙasashensu.

Kifi ne kaɗai hanyar da aka tsara da hankali, kuma ba Nauru ita kaɗai ta tsara ba. Ruwanta ya haura murabba'in kilomita 300,000, cike da kifin tuna. A da kowane tsibiri shi kaɗai yake ciniki da jiragen Japan da Taiwan da Koriya da Amurka, su kuwa su yi ta haɗa su gasa, wanda ya ƙi a wuce wajen maƙwabcinsa. A 1982 ƙasashe bakwai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Nauru, daga baya Tuvalu ta zama ta takwas, kuma daga 2007 suka sauya abin da suke sayarwa. Maimakon lasisin shekara, kwana suke sayarwa. Su ƙayyade jimillar kwanakin kamun kifi na shekara, su raba a tsakaninsu, kowa ya sayar da nasa, amma ba wanda zai sauko ƙasa da farashin da aka amince, wanda ya kai dalar Amurka 8,000 a kwana tun 2015. Kowane jirgi na ɗauke da na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya da jami'in sa ido a ciki. Idan ɗumin teku ya kora kifi gabas ko yamma, ƙasar da kwanakinta suka yi kwantai tana iya sayar wa wadda kifin ya koma wajenta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kuɗin da ƙasashen ke samu tare ya tashi daga wajen dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500.

An kuma sake gwada tanadi. Asusun da aka kafa a 2015 gwamnati na zuba masa wajen kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarta kowace shekara, kuma wannan karon ƙasashen da ke ba da gudummawa suna zaune a kwamitin da ke kula da shi, ba a jinginar da shi. Sai dai tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba. Nauru ce ke ɗaukar nauyin wani reshen kamfanin The Metals Company da ke son kwaso duwatsu masu nikel da kobalt daga ƙasan teku tsakanin Hawai da Meziko, kuma ita ce a 2021 ta tayar da wata ƙa'ida da ta tilasta wa hukumar kula da ƙasan teku ta gaggauta rubuta dokokin haƙar. A ƙarshen 2024 ta sake buɗe kasuwar fasfo, dalar Amurka 105,000 ga mutum ɗaya.

Hujjar da aka bayar ta sayar da fasfon ita ce neman kuɗin mayar da jama'a kan tudu, tunda teku na cin zirin gaɓar da suke zaune. Gyaran tudun kuwa aiki ne na mataki-mataki: a karya ginshiƙan da manyan injina, a kwashe ragowar fosfat ɗin da ke ƙarƙashinsu a sayar, a niƙa dutsen a cike ramuka, a daddaɓe, a shimfiɗa tsakuwa, sannan ƙasa mai rai a sama. Ƙasar saman da aka tara gefe lokacin haƙa ba ta isa ba, sai an haɗa da takin gargajiya, shi ma ba a samun kayan yinsa da yawa a tsibirin da ba shi da dabbobi ko gonaki. Kafin ma injin ya taɓa dutse akwai batun mallaka. Kusan duk filin Nauru na ɗaiɗaikun mutane ne, baƙo ba ya saya, gwamnati kanta haya take yi. Gado ya yi ta rarraba kowane fegi har ya zama mutum da dama, wani lokaci ɗaruruwa, ke da kaso a fili guda, wasu suna Birisben, wasu suna Fiji, kuma iyakokin da kakanni suka sani da itace ko dutse sun tafi cikin jirgi tare da ƙasar. Sai an nemo masu kason, an sami amincewar mafi yawansu, an daidaita kuɗin haya, kafin a kafa harsashin gida ɗaya.